Baltimore ta Ayalan: garin da aka kwashe mutanensa a dare ɗaya

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na ce bari in kawo shi nan ko masana su ƙara mana haske.

Na samu hutun kwana biyu a wurin aiki, sai na ɗauki iyali muka bar birnin Cork muka nausa kudu maso yamma, can inda ƙasar Ayalan ta ƙare teku ta karɓa. Tafiyar ta kusa awa biyu, hanya siririya sai murɗewa take tsakanin filayen ciyawa da shanu. In ka wuce Skibbereen da kamar kilomita 13 sai ka gangaro wani ɗan gari, sunansa Baltimore. Mazaunansa na dindindin ba su kai 500 ba. 'Yan layukan gidaje ne masu fenti, da tashar jiragen ruwa, da wata tsohuwar fadar dutse da ta leƙo kan tashar. Iska kuwa, duk da lokacin zafinsu ne, sai da na sa wa Sadiq rigar sanyi biyu.

Muna zagayawa sai idona ya faɗa kan allon wani gidan abinci: Algiers Inn. Na tsaya na sake karantawa. Aljiyas fa, babban birnin Aljeriya. Me ya kawo sunansa ƙauyen masunta a ƙurewar Turai? Sai da muka shiga fadar nan, wadda aka gyara yanzu masu ziyara ke shiga, na samu amsa.

Daren 19 ga Yuni wayewar 20, shekarar 1631, wasu jiragen ruwa biyu suka tsaya a bakin mashigar garin. Daga Aljiyas suka taso, ɗauke da mayaƙa fiye da 200. Wajen ƙarfe biyun dare suka lallaɓo da ƙananan kwale-kwale suka dira unguwar bakin ruwa inda masunta ke kwana. Suka cinna wa jinkunan wuta, suka ɓalle ƙofofi, suka fito da mutane da kayan barcinsu. An kashe mutum biyu. Da suka doshi unguwar tudu, wani mai suna William Harris ya farka ya shiga harba bindiga, aka buga ganga, maharan suka ɗauka soja ne suka iso, suka janye. Amma kafin gari ya waye sun loda mutum 107, fiye da rabinsu yara. Aka kai su kasuwar bayi ta Aljiyas aka sayar. Waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce uku ba. Ragowar mutanen garin tsoro ya sa suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka koma Skibbereen, can ciki inda jirgin teku ba ya isa da sauƙi. Baltimore ta daɗe tana kusan kufai.

Na gangara har bakin ruwan da abin ya faru. Wuri ne ɗan ƙarami, tsakuwa da ciyawar teku, ruwan a kwance luf. 'Yata tana ta tsintar ɓawon katantanwa tana cika aljihu, ni kuwa ina lissafin yara 54 da aka tasa ƙeyarsu ta nan. Abin da ya fi damuna shi ne masu harin da tutar Musulmi suka zo. A hanyar komawa Maman Sadiq ta tambaye ni: ranar da malamarsu ta kawo wannan labari a aji, aka juyo aka kalli yaranmu, me za mu ce musu? Har muka iso gida ban ba ta amsa ba.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, jikina ya yi sanyi. Duk uwar da ta taɓa jin harbi da tsakar dare ta lalubi 'ya'yanta a duhu, ba sai an yi mata bayanin wannan daren ba.

Usman Maryland:
Abban Sadiq, ni fa kusa da Baltimore ta Amurka nake zaune. Ashe uwarta na nan Ayalan? Daga garin nan aka ɗauko sunan kenan?

Abban Sadiq:
Ni ma haka na zata, Malam Usman, amma ba haka ba ne. Taku ta ci sunan Lord Baltimore ne, na gidan Calvert da suka kafa Maryland, su kuma sarautar tasu an jingina ta ne ga wata ƙasa a yankin Longford, tsakiyar Ayalan, nesa da teku. Wannan ta bakin ruwa sunanta daga harshen 'yan ƙasa yake, Baile an Tí Mhóir, wato garin babban gida. Su kansu kuma a harshensu Dún na Séad suke ce mata, ganuwar duwatsu masu daraja. Sunan fadar kenan.

Bashir Ƙofar Mata:
Yaya Abban Sadiq, da girmanka, amma ni ban ga abin sunkuyar da kai ba. Wa ya rubuta labarin? Turawa. Su da suka loda 'yan Afirka fiye da miliyan 12 a jirage suka tsallaka da su Atilantika, shekara ɗari huɗu suna abu ɗaya, yau don an taɓa nasu 107 sai a buɗe gidan tarihi? Ka ce wa Sadiq in malama ta kawo zancen ya tambaye ta labarin Badagry da tsibirin Gore.

Maman Ilham:
Bashir, yaron da aka fizge daga bayan uwarsa a wannan daren, shi ne ya je Badagry?

Bashir Ƙofar Mata:
Anti, ban ce shi ne ba. Na ce a riƙa auna abu da ma'auni ɗaya.

Malam Habu:
Salamu alaikum. Na ga zancen tun ɗazu, sai yanzu na fito daga aji. Bashir ɗana, ka ce a auna da ma'auni ɗaya, to mu auna ɗin, amma mu zuba komai a kan sikeli.

Farko dai, wane ne jagoran harin? Ana kiransa Murad Ra'is, amma ba Balarabe ba ne, ba kuma Baturke ba. Bature ne ɗan Holan, haifaffen Haarlem, sunansa na yanka Jan Janszoon. Tun yana gida sana'arsa tare jiragen Sifaniya da izinin gwamnatinsa. A 1618 'yan Aljiyas suka kama shi a tsibirin Lanzarote, ya musulunta, ya ci gaba da sana'ar tasa a ƙarƙashin sabuwar tuta, har ya zama shugaban matuƙan Sale a gaɓar Maroko. Irinsa suna da yawa, 'yan Holan da Ingilishi. Su ne suka koya wa mutanen Aljiyas da Tunis sarrafa manyan jirage masu filafilai da ke jure Atilantika, don a da jiragensu na tuƙi da hannu ne, ba sa nisa da Bahar Rum. Shi ya sa a 1627 har Iceland aka kai hari.

Na biyu, ita Baltimore ɗin kanta. Ku gafarce ni, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Asalin masu ƙasar gidan O'Driscoll ne, sarakunan teku na wannan gaɓa. Duk jirgin da ya zo su a ruwansu sai ya biya su, wanda ya ƙi su tare shi. Sun yi kusan shekara ɗari biyu suna gaba da birnin Waterford. A 1537 suka ƙwace wani jirgi maƙare da giya mai zuwa Waterford, mutanen birnin suka haɗo runduna suka zo suka ƙone fadar garin ta wancan lokaci, suka tsallaka tsibirin Sherkin suka ƙone gidan ibadar da O'Driscoll suka gina a 1460.

A 1601, lokacin yaƙin Kinsale tsakanin Ingila da 'yan Ayalan masu samun taimakon Sifaniya, sarkinsu Fineen O'Driscoll ya buɗe wa sojan Sifaniya ƙofa. Aka ci su da yaƙi. Ya samu afuwa, amma bashi ya yi masa katutu, sai ya ba wani Ba'ingilishi mai suna Thomas Crooke hayar garin wajen 1605. Crooke ya kwaso mutane daga Ingila, 'yan Furotesta, suka kafa sana'ar wani ƙaramin kifi dangin sadin: a kama, a zuba gishiri, a danne shi da dutse a tatse man, a cika ganguna a kai kasuwannin Faransa da Sifaniya. To a daidai lokacin ne Sarki James na Ingila ya yi sulhu da Sifaniya, a 1604, dubban matuƙan da suka saba cin ganima da takardar izini suka wayi gari ba aiki. Suka koma fashin teku tsagwaronsa, gaɓar yammacin Cork ta zama masaukinsu. A Baltimore suke sayar da kayan sata, su sayi abinci, su gyara jirgi. Shi kansa Crooke sai da aka kira shi Landan a 1608 kan zargin hulɗa da su, aka wanke shi. Garin ɓarayin zaune ne kafin ya zama garin da aka yi wa fashi.

Ban faɗi wannan don in ce sun cancanci abin da ya same su ba. Matar da ke gasa kifi da ɗanta na goye ba su san kan wannan ciniki ba.

Ɗan Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in ƙara ta ɓangaren da na zauna. Na yi karatu shekara biyar a Aljiyas. Can ba a kiran waɗannan mutane 'yan fashi, jihadin teku ake cewa, kuma a makaranta ake koyar da shi haka. Akwai tsohon gini a bakin ruwa ƙasan Kasba, tsohuwar unguwar birnin, Fadar Ra'isai suke ce masa, na shiga ba sau ɗaya ba. In ka saurari hujjarsu ba za ka ce babu komai a ciki ba. Sifaniya ta kama birnin Wahran na gaɓar Aljeriya tun 1509 ta zauna. Daga 1609 zuwa 1614 ta kori zuriyar Musulmin Andalus kusan 300,000, aka watsa su gaɓar Afirka ba gida ba gona. Da yawa daga matuƙan Sale 'ya'yan waɗannan korarru ne, da ciwonsu a zuciya. Kuma kamun bayi ta kowane ɓangare ake yi: jiragen yaƙin Malta da Faransa da Sifaniya Musulmi ne ɗaure da sarƙa suke tuƙa su. Shi kansa Murad Ra'is mayaƙan Malta sun kama shi a 1635 ya yi shekaru a hannunsu.

Bashir Ƙofar Mata:
Yauwa! Allah ya biya ka. Ramuwar gayya ce, kuma ai ta fi gayya zafi.

Ɗan Damagaram:
Tsaya tukuna, ɗan'uwa, ban gama ba. Ramuwa a kan wa? Masuntan Baltimore ba su kori kowa daga Andalus ba, su ma maƙiyan Sifaniya ne. Abin da na fahimta bayan na daɗe a can shi ne, abin ya faro da yaƙi ya ƙare a kasuwa. Masu kuɗi ke zuba jari a jirgi, in ya dawo a raba riba, mai mulki ya cire kasonsa. Wanda danginsa ke da hali a tsare shi a jira kuɗin fansa, wanda ba shi da kowa a tura shi fasa dutse ko tuƙin jirgi, mata da yara kuma a kai su gidaje.

Malam Habu:
Ɗan Damagaram ya taɓo inda nake so. Bashir, ga abin da zai sa ka daina ganin wannan kasuwa kamar tamu ce. Shekara 16 kafin harin Baltimore, a 1615, mutanen Tuwat, wadda ke cikin Aljeriyar yau, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Tambutu tambaya kan bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata: wa ya halatta a saya, wa ya haramta? A amsarsa ya jero ƙasashen da mutanensu Musulmi ne tun da daɗewa, bai halatta a bautar da su ba. Cikin jerin akwai Barno, akwai Songhai, akwai Kano da Katsina. Ka tambayi kanka, me ya sa sai da ya ambaci Kano? Don ana kai Kanawa kasuwannin Arewacin Afirka ana sayarwa, suna kalmar shahada. Dillalin da ya duba haƙoran yaron Baltimore bai zama lalle ya ƙi duba na yaron Katsina ba. Kuma kafin yaron Katsina ya isa Sahara, hannun wa ya fara kama shi? Laifi tudu ne, ɗana.

Bashir Ƙofar Mata:
Malam, wannan ta Kano ban san ta ba, kuma ta shige ni. Amma har yanzu ina kan bakana cewa in za a koyar da ɗaya a aji, a koyar da ɗayan.

Malam Habu:
A kan wannan ba mu da saɓani.

Hajiya Rabi Dublin:
Sannunku da ƙoƙari. Shekarata 19 a ƙasar nan, bari tsohuwa ta sa baki. Abban Sadiq ɗana, kada ka zaci 'yan Ayalan suna ɗaukar labarin nan yadda kake tsoro. Waɗanda aka kwashe akasarinsu Ingilishi ne 'yan kama-wuri-zauna, waɗanda aka dasa a ƙasar da ta suɓuce daga hannun masu ita. Shi ya sa in ka zauna da dattawansu, zancen ba ya daɗewa a kan Aljiyas, sai ya koma kan tambaya ɗaya: wa ya nuna musu hanya? Da ɗan gari akan ci gari.

Maman Ilham:
Hajiya, ashe akwai wanda ya rako su?

Abban Sadiq:
Akwai, Maman Ilham. A hanyarsu sun kama wasu jiragen masunta na garin Dungarvan. Ɗaya daga cikin matuƙan sunansa John Hackett, ɗan Katolika. Murad ya so ya faɗa Kinsale, Hackett ya ce masa can akwai ganuwa da igwa, ya karkato da shi Baltimore. Shi ya nuna musu mashiga cikin duhu. Bayan sun gama lodi suka sake shi a gaɓa. Aka kama shi, aka yi masa shari'a, aka rataye shi.

Usman Maryland:
Ya gamu da daidai da shi.

Maman Ilham:
Ni kam ban iya yanke masa hukunci da sauri haka ba. Mutum yana hannunsu, takobi a wuya, garinsu Dungarvan na nan kusa da matarsa da 'ya'yansa a ciki. An ce nuna mana gari. In bai nuna na wasu ba, nasa za a shiga. Ban ce ya kyauta ba, Allah ya sani. Amma wanda bai taɓa shiga hannu ba ya yi a hankali da cika baki.

Usman Maryland:
Anti, to ai da sai ya kai su Kinsale ɗin inda igwa za ta tare su. Ya zaɓi garin da ya san ba mai tsaron sa. Wannan zaɓi ne.

Maman Ilham:
Ya kai su bakin igwa yana cikin jirgin? Ka san abin da za su fara yi masa.

Malam Habu:
Ku bar Hackett ya huta, ƙaramin alhaki ne. Akwai wanda ya fi shi amfana. Walter Coppinger, lauya ne mai ba da bashi da ruwa daga manyan gidajen Katolika na Cork. Ya bi ta bashin da yake bin Fineen O'Driscoll ya ce garin nasa ne, ya shekara da shekaru yana jan Ingilishin nan a kotu, yana tsoratar da su don su tashi. Crooke ya mutu a 1630, suka rasa mai tsaya musu. Shekara na zagayowa aka kwashe su. Wannan ya sa wasu marubuta suke nuna shi da yatsa. Zargi ne, ba a taɓa kama shi da hujja ba, kuma bai kamata mu mayar da zargi hukunci ba. Ko shi ɗin bai ci ribar da ya so ba, don garin da babu masunta ba ya kawo haya.

Wanda laifinsa ba ya buƙatar zato shi ne hukuma. Akwai jirgin yaƙin sarki a Kinsale, tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba, an ajiye shi musamman don tsaron gaɓar. Aka aika masa, bai fito ba sai bayan kwanaki, ya ce ba shi da guzuri. Manyan suka shiga tura wa juna laifi a wasiƙu. Da maganar fansa ta taso kuma aka yi kunnen uwar shegu, wai in an biya an ƙara wa masu kamun ƙarfi. Talakawa ne, ba mai gidan da zai sayar ya karɓo su. Sai a 1646, bayan shekara 15, majalisar Ingila ta tura wani Edmund Cason ya fanso mutane fiye da 200 a Aljiyas. 'Yan Baltimore a cikinsu mata biyu ne kacal, Ellen Hawkins da Joan Broadbrook.

Ɗan Damagaram:
Shekara 15, Malam. Yaron da aka kama yana da biyar ya zama saurayi mai ashirin, Larabci ko Turkanci ne a bakinsa, wataƙila ya musulunta ya yi aure. Gidan da za a mayar da shi ma babu shi. Na sha ganin masu koren ido da jan gashi a lungunan Kasba, yanzu ina tunanin wasu abubuwa.

Hajiya Rabi Dublin:
Kuma ku sani, abin da ya fi cin mutanen wannan yanki ba daga teku ya zo ba. Abban Sadiq, da ka wuce Skibbereen ka tsaya a maƙabartar Abbeystrowry?

Abban Sadiq:
Ban tsaya ba, Hajiya, yamma ta yi mana.

Hajiya Rabi Dublin:
Ka koma. A bakin hanya take, gefen kogi. Za ka ga wani fili kore shimfiɗe, ba duwatsun kabari a kansa. Mutum 8,000 zuwa 10,000 ne a ƙarƙashin wannan ciyawa, an zuba su a ramuka, da yawa ba akwati ba likkafani. Yunwar 1845 zuwa 1852 ce. Dankalin Turawa da muke ce wa Airish a kasuwanninmu, shi kaɗai ne tuwon talakansu safe da dare, don 'yar gonar da mai ƙasa ya bar masa ba ta isa ta ciyar da gida da wani abu ba. Sai cuta ta faɗa wa dankalin, a tona a tarar ya yi baƙi ya ruɓe, shekara bayan shekara. Ƙasar na da mutum fiye da miliyan 8 a lokacin. Kusan miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan suka tsallaka teku. Kuma ana cikin haka jirage na fita da hatsi da shanu da man shanu zuwa Ingila, don na masu ƙasa ne. Garin da mutanen Baltimore suka gudu don tsira, shi ne ya zama wurin da aka fi ambata in ana zancen yunwar nan. Ranar da na je na daɗe a tsaye, na kasa ko ɗaukar hoto.

Bashir Ƙofar Mata:
Hajiya, ba a lokacin ne Sarkin Santambul ya aika musu taimako ba? Na ji an ce fam 10,000 ya so bayarwa aka hana shi don kada ya fi Sarauniya.

Malam Habu:
Abin da ke rubuce shi ne Sultan Abdulmajid ya ba da fam 1,000 a 1847, kuma manyan Ayalan sun aika masa takardar godiya. Sarauniya Victoria ta ba da 2,000. Zancen 10,000 da na jiragen abinci da aka ce sun sauka a Drogheda a ɓoye, labarin baka ne da ya yaɗu daga baya. Mu riƙe wanda ya tabbata, ya isa. Ka lura kuma, Aljiyas ta 1631 a ƙarƙashin inuwar wannan daular ta Usmaniyya take. Gida ɗaya ne sojansa suka ƙone jinkunan Baltimore, jikansa kuma ya aika sadaka shekara 216 bayan nan. Abban Sadiq, in kana neman abin gaya wa Sadiq, ka gaya masa duka biyun. Ka haɗa masa da hadisin Bukhari na mutum ukun da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa. Yaron da ya san wannan ba zai sunkuyar da kai ba, ba kuma zai kare abin da ba ya karuwa ba.

Hajiya Rabi Dublin:
Akwai ma kabilar Choctaw ta Amurka, su da aka kora daga ƙasarsu ba da daɗewa ba, suka tara dala 170 suka aika a shekarar. A Midleton kusa da ku an kafa musu gashin tsuntsu na ƙarfe don tunawa.

Usman Maryland:
To yaya garin ya farfaɗo har ya zama wurin yawon shaƙatawa?

Abban Sadiq:
Kifi ne ya dawo da shi. Wajen 1880 kasuwar wani kifin teku ta buɗe, limamin cocin garin Charles Davis ya nemo taimakon wata attajira ta Ingila, Burdett-Coutts, ta ba masunta rancen sayen jirage. A 1887 aka buɗe makarantar koyon su da saƙar taru da ƙera jirgi, jirgin ƙasa ya iso a 1893. Amma makarantar nan daga baya ta koma gidan ajiye yara marasa galihu, kuma hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta tabbatar yaran sun sha yunwa da duka da cin zarafi kafin a rufe ta a 1950. Wannan ma ya tsaya mini. Jirgin ƙasan ya daina zuwa a 1961. Yanzu dai masu yawon buɗe ido ne, da jiragen da ke kai mutane tsibiran Sherkin da Cape Clear, da tashar jirgin ceto da ke aiki tun 1919. Duk shekara kuma zuriyar O'Driscoll na duniya suna taruwa a garin.

Mun hau wani tsauni a bakin mashigar, inda aka gina wata farar hasumiya mai kan tulu don matuƙa su gane hanya. 'Yan garin Matar Ludu suke ce mata, don a littafinsu an ce da ta waiga ta zama ginshiƙin gishiri. Daga nan kana kallon ƙofar da jiragen biyu suka tsaya, ƙasa da ƙafarka. Can ƙurya cikin teku kuma akwai dutsen Fastnet mai fitila, wanda suke kira hawayen Ayalan, don shi ne abu na ƙarshe da masu ƙaura zuwa Amurka ke gani na ƙasarsu.

Maman Ilham:
Yaya, ni har yanzu hankalina na kan yaran. An rubuta sunayensu?

Abban Sadiq:
An yi jerin waɗanda aka kwashe bayan harin, amma gida-gida aka bi, da sunan mai gida. A rubuta wane, sai a ce matarsa da 'ya'ya biyu, wane, matarsa da 'ya'ya uku. Yaran adadi ne kawai. Wanda na kasa wucewa shi ne na William Gunter. Ba ya gari a daren. Ya dawo ya tarar an tafi da matarsa, da 'yar aikinsu, da 'ya'yansa maza bakwai. Ya je Dublin, ya tsallaka Landan yana roƙon a taimaka a fanso su. Ko ɗaya bai sake gani ba.

Maman Ilham:
Bakwai. Allahu akbar.

Hajiya Rabi Dublin:
In za ka koma Abbeystrowry ka sanar da ni, ɗana. Zan hawo bas in same ku a Cork, mu wuce har bakin ruwan tare. Ina so in ga wurin da idona.